Ba Zan Amsa Laifin Wani Ba — Shafi na 17

Na ga ƙorafinku. Masu cewa na bar Dontrell tsaye a ƙofar ofishin koci na tafi sabgar gabana, ku sassauta, ga ƙofar ta buɗe. Waɗanda kuma yau suka iske mu, ku matso kusa. Dontrell Guillory shi ne kwatabak na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Belle Rive, mai jefa ƙwallon da duk wasan ke rataye a hannunsa. An dakatar da shi saboda an ga sunansa a manhajar caca, an zuba kuɗi a kan cewa ƙungiyarsa za ta sha kashi a hannun Port Allard, aka kuwa sha, bayan shi da kansa ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo har sau uku. Yau Alhamis. Jibi babban wasan shekara.

Mu je.

*

Koci Ladner bai juyo ba da Dontrell ya shigo. Yana tsaye a bakin taga, hannuwa a aljihu, yana kallon filin atisaye inda sauran yaran ke gudu a cikin ranar nan ta Louisiana mai dafa mutum da ransa.

Wanda ya tarbe shi da fara'a Mista Rabalais ne, mai gidajen sayar da motoci a garuruwan jihar, wanda sunansa ke rubuce a goshin ginin da suke ciki. Ya taso da ƙyar, tumbi a gaba, ya miƙo hannu.

"Ga zakaranmu. Zauna, ɗana. Yaya Mis Odessa?"

"Tana mota, tana jira na."

"A wannan zafin? Ai da ka shigo da ita."

"Ta ce ba ta shiga gidan da ake kiran ɗanta ɓarawo."

Murmushin Mista Rabalais ya ɗan daskare, amma bai faɗi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da tsofaffin motoci ba magana ɗaya ke kayar masa da fuska ba.

Dontrell ya zauna a bakin kujera, bai jingina ba.

Sai attajirin ya shiga bayani da muryar nan tasa mai santsi. Ya ce duk wanda ke ɗakin nan masoyinsa ne. Ya ce lauyoyin jami'a sun sha wahala suna nema masa mafita, kuma sun samo. An kira 'yan jarida da yamma. Abin da ake so da shi bai taka kara ya karya ba: ya tsaya gabansu ya karanta 'yan layukan da aka rubuta masa, ya ce caca ta zame masa ciwo, da wasa ya fara, ya yi nadama, zai je wurin likitocin da ke taimakon masu irin wannan lalura. A hana shi wasa biyu, ya dawo. Kafin manyan ƙungiyoyi su zo zaɓen sababbin 'yan wasa, kowa ya manta.

"Ka ji in faɗa maka," ya ce yana ɗan bubbuga gwiwar Dontrell. "Mutanen jihar nan sun fi son tubabbe a kan wanda bai taɓa zunubi ba. Tambayi kowane fasto."

Dontrell ya janye gwiwarsa.

"To wanda bai yi zunubin ba, yaya ake yi ya tuba?"

"Kai dai ka karanta."

"Ban taɓa yin caca ba, Mista Rabalais. Ko katin nan da ake kankarewa a gidan mai ban taɓa saye ba."

"Sunanka ne a jiki. Ranar haihuwarka ce. Hoton lasisin tuƙinka ne."

"Amma ba hannuna ba ne."

Mista Rabalais ya sauke numfashi, ya jingina, ya haɗa yatsu a kan tumbi. Ya ce shi ba mai gori ba ne, kowa ya shaide shi. Amma yana da kyau yaro ya riƙa tuna waɗanda suka tsaya masa. Baƙar motar nan da yake yawo da ita a gari, alal misali, ai ba daga sama ta faɗo ba.

Dontrell ya sa hannu a aljihu, ya fito da makulli, ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Tana bakin ɗakin kwananmu. Na cika mata mai."



A nan ne Koci Ladner ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Hollis, ba mu wuri."

Mista Rabalais, wanda shi ne Hollis ɗin, ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, ya bar makullin a inda yake, ya ja ƙofa.

*

Shekara uku da suka wuce Koci Ladner ya zo gidansu a Opelousas, ya zauna a kicin ɗin Mama ya shanye miyar gumbo kwano biyu, ya dafa ƙirji ya ce zai riƙe mata yaro kamar shi ya haife shi. Tun daga ranar Dontrell bai taɓa ce masa komai ba sai "To, Koci." Ya ce gudu, ya yi gudu. Ya ce tashi, ya tashi, ko da haƙarƙari na zogi.

Yau kam "to" ɗin ta ƙi fitowa.

"Koci, tambaya ɗaya gare ni. Ka dube ni ka amsa. Ka yarda na sayar da wasan nan?"

Koci ya juyo. Rana ta ƙona masa wuya ya yi jajir, idanunsa sun faɗa kamar wanda barci ya yi wa yaji.

"A'a."

Dontrell ya jira.

"Na san ba kai ba ne. Tun ranar farko na sani."

Ya faɗe ta ne kamar mai ba da labarin yanayi. Ya ce ai da yammacin Juma'a aka zuba kuɗin, ana gobe wasan Port Allard. A lokacin duk 'yan wasa suna otal, wayoyinsu suna cikin kwandon da ake karɓewa kafin cin abinci, kwandon kuma a ɗakinsa yake kwana. Shi da hannunsa ya karɓi wayar Dontrell, ya ma tuna ya yi masa tsiya a kan fasasshen gilashinta.

Dontrell bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Duk kwanakin nan ana zagi na a rediyo. An jefi ƙofar cocin Mama da ƙwai. Jiya wani ya rataya mini 'ya'yan lido a ma'ajiyar kayana. Kana da maganar da za ta wanke ni, ka haɗiye ta?"

"Saboda kai na haɗiye ta."

"Saboda ni."

"Zauna."

"Na gode, a tsaye ma ina ji."

Koci ya zagayo ya zauna a gefen tebur, ya rage murya. Ya ce mutanen jami'a sun yi nasu binciken a ɓoye kafin hukumar jiha mai kula da caca ta zurfafa nata, kuma sun gano daga inda aka shiga manhajar. Ba daga otal ba ne. Ba daga ɗakin kwanan ɗalibai ba ne.

"Daga gidan Mis Odessa ne. Ta layin intanet ɗin gidanta."

Koci ya ci gaba.

"Idan na fita na ce wayarka tana hannuna, ba wanke ka na yi ba, hanyar gidanku na nuna musu. Kai ɗan wasa ne, iyakarka dakatarwa. Wanda ya ɗauki sunan wani ya buɗe asusu, ya yi amfani da sirrin ƙungiya, wannan ba dakatarwa ake yi masa ba. Ka gane ko sai na fassara?"

Sannan ya jefo tambayar.

"Wa ka gaya wa maganar kafaɗarka?"

Mutum ɗaya ya gaya wa.

Ana jibi wasan Port Allard ɗin ya kira Mama. Tana suyar kifi, sai ta saka wayar a lasifika ta ajiye a kan firji. Ya gaya mata kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa tun faɗuwar da ya yi a atisaye, ko riga da ƙyar yake sawa, amma Koci ya ce allura za ta riƙe shi, kada kowa ya ji. Mama ta yi ta faɗa, mai na ƙara a kasko. Kuma a can bayan muryarta, yanzu ya tuna sarai, an rage ƙarar talabijin.

Marquel.

Yayansa. Wanda ya koya masa yadda ake ɗora yatsu a kan ɗinkin ƙwallo a bayan gida, da tsohuwar taya rataye a bishiya. Wanda duk yankinsu babu mai hannunsa, har gwiwarsa ta tarwatse a shekararsa ta ƙarshe a sakandare, masu zawarcinsa suka watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Wanda yanzu yake kwana a ɗakin baya. Wanda Mama ta tasa a gaba bara, tana kuka yana kuka, ya sa aka toshe sunansa a duk manhajojin caca, ta yadda sunan Marquel Guillory ba ya buɗe ko ƙofa ɗaya.

Sai kuma ranar bikin zagayowar haihuwar Dontrell a watan Agusta, da Marquel ya fizge masa lasisi yana dariyar hoton, wai kansa kamar kankana, ya ɗauka a waya don ya riƙa tsokanarsa.

Gaba da baya ya ɗauka. Dontrell ya ma yi masa dariya a kan haka.

Bai furta sunan ba. Amma Koci ya karanta shi a fuskarsa.

"Ka gani ko?" Muryar ta yi laushi, ta koma irin ta kicin ɗin Mama. "Ka karanta 'yan layukan nan, hukuma ta samu mai laifinta, a rufe magana. Kai wasa biyu. Shi kuma ya ci gaba da kwana a gadonsa. Wannan shi ne abin da namiji ke yi wa ɗan'uwansa."

Ya turo takardar a kan tebur.

Dontrell ya dube ta. Kuma gaskiyar magana, ya kusa. Hannunsa ya riga ya tafi. Marquel ne fa. Quel da ya taɓa goya shi a baya har asibiti ranar da ya taka kwalba.

Amma sai ya tsayar da hannun. Tun da yake da Koci bai taɓa ganin ya tausaya wa ɗan'uwan kowa ba. Bara ya kori wani yaro daga ƙungiya saboda ya je jana'izar kakarsa ya makara kwana ɗaya.

"Koci, idan suka ci gaba da tonawa, me za su fara tambaya?"

Dontrell ya ci gaba.

"Bari in taya ka. Za su tambayi yadda aka yi wani ya san za mu faɗi. Sai a zo kan kafaɗa. Daga kafaɗa sai a zo kan wanda ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce lafiyata ƙalau. Daga nan sai allurar da aka yi mini a ɗakin ajiye kaya, ba a ɗakin likita ba, likitan ƙungiya ma bai sani ba."

"Yaro, ka iya bakinka."

"Ba asirin Quel kake rufawa ba. Ba nawa ba ne kuma. Naka ne."

Koci ya miƙe. Jan wuyansa ya hau har kunne. Ya ce shi ya ɗauko shi daga garin da ko fitilun filin wasansu ba sa kamawa duka. Ya ce akwai yara ɗari masu hannu irin nasa da ke loda kwali a shago yanzu haka, saboda ba su samu wanda zai buga musu ƙofa ba.

"Hannuna ka ɗauko, Koci," in ji Dontrell. "Kuma ka kusa ƙarasa shi."

Suka tsaya suna kallon juna. Daga waje ana jin usur da ihun masu horarwa.

"Ƙarfe huɗu," Koci ya ce a ƙarshe. "Ko ka karanta, ko ka tattara kayanka. Kuma duk abin da ya samu gidanku bayan nan, kai ka jawo."

Dontrell ya ɗauki takardar, ya ninke ta, ya sa a aljihu.

Yana fita ya ji Koci ya sauke ajiyar zuciya. Ya bar shi da ita.

*

Mis Odessa tana zaune a tsohuwar motarta a ƙarƙashin bishiya, gilasai a sauke, tana fifita da maficin coci, waƙar yabo na tashi ƙasa-ƙasa daga rediyo. Tana ganin tafiyarsa ta kashe rediyon.

Ya shiga ya zauna. Ya gaya mata tayin da aka yi masa, tun daga ciwon caca har wasa biyu.

Ta ja tsaki mai tsawo.

"Ciwo. Su ne dai marasa lafiya. Ni ban haifi maƙaryaci ba, kuma ba zan fara yau ba don Hollis Rabalais ya samu abin yi wa tafi ranar Asabar."

"Mama."

"Ina ji."

"Daga gidanmu aka yi."

Maficin ya tsaya.

Ya jira ta tambayi wane ne. Ya jira ta ce ƙarya ne, ta buɗe mota ta nufi ofishin da takalmi a hannu, kamar yadda ta taɓa yi wa wani alƙalin wasa yana ɗan shekara goma. Ba ta yi ba. Ta zuba wa sitiyari ido kawai.

Wannan shirun ya fi duk abin da Koci ya faɗa ciwo.

"Kin sani?"

"Ban sani ba." Ta ajiye maficin. "Na ƙi in sani. Na ga sababbin takalma a ƙafar Quel, na kau da kai. Na ga ya daina cin abinci tun ranar da aka sa hotonka a labarai, na ce zafi ne."

Wata mota ta wuce, wani ya leƙo ta taga ya yi ihun tambayar nawa ake sayar da wasan jibi. Babu wanda ya waiga a cikinsu.

"Idan na karanta, Quel ya tsira," Dontrell ya ce.

"Idan ka karanta, duk ranar da ƙwallo ta kauce maka, har ka tsufa, za a ce sayarwa ka yi. 'Ya'yanka ma za a gaya musu."

"Shi ma ɗanki ne."

Ta juyo ta dube shi da idanun nan da ke sa mawaƙan coci su gyara tsayuwa.

"Ni na yi naƙudarsa, Auta. Ba sai ka tuna mini ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙo hannu ta kama haɓarsa ta ɗago, kamar yana yaro.

Ta ce masa tun Marquel na kwance da gwiwa a ɗaure take lallaɓa shi, tana rufe masa, tana cewa ai an cuce shi, a bar shi ya huce. Ta ce ga inda lallaɓawar ta kawo su. Amma ba za ta zauna tana kallo a yanka ɗaya don a yi wa ɗaya miya ba.

"Ka je ka faɗi gaskiyarka. Taka kaɗai. Kada ka kira sunan kowa a gidana. Sauran ka bar mini."

"Me za ki yi?"

"Abin da uwa ke yi. Sauka, ina da wurin zuwa."

Ta ciro burodin masara da ta naɗe a takarda daga jaka ta dangwara masa a cinya, ta ce ya ci kafin ya tsaya gaban mutane, ba ta son a gan shi a talabijin kamar maraya. Ta juyo da madubi, ta gyara hularta, ta shafa jan baki. Ya sauka. Ta ja mota ba ta ɗaga masa hannu ba.

Ya kira Marquel. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka kashe.

*

Zauren da ke ƙarƙashin filin wasa ya cika har bakin ƙofa. Kyamarori a jere, fitilu sun hasko teburin gaba. Wasu daga cikin 'yan ƙungiya sun tsaya a baya da kayan atisaye, gumi bai bushe musu ba. Mista Rabalais ya jingina da bango, ya ɗaga masa babban yatsa.

Koci ne ya fara. Ya yi maganar iyali, ya yi maganar yafiya, ya ce Belle Rive ba ta yar da 'ya'yanta idan sun yi tuntuɓe. Har muryarsa ta ɗan yi rawa a inda ya kamata. Sannan ya dafa kafaɗar Dontrell, ta daman, ya matsa masa gaban makirfo.

Zafin ya ratsa shi har yatsu. Bai nuna ba.

Ya fito da takardar, ya warware ta, ya shimfiɗa.

"Ni, Dontrell Guillory," ya karanta.

Ya tsaya. Ya ɗago kai.

"Iyakar gaskiyar da ke cikin takardar nan ke nan. Sauran ba ni na rubuta ba, kuma ba zan karanta ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ya ji Koci ya motsa a gefensa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce bai taɓa yin caca ba, a kan ƙungiyarsa ko a kan ta wani. Ya ce ba shi da ciwon da zai je a yi masa magani sai guda ɗaya, kuma zai nuna musu shi yanzu. Ya ja da baya kaɗan, ya fara ɗaga hannunsa na dama. Hannun ya tashi har daidai ƙirji, ya tsaya, yana karkarwa. Ya cije leɓe ya ƙara turawa. Ya ƙi.

"Da wannan hannun na buga wasan Port Allard. Ba sayar da shi na yi ba, kasa jefawa na yi. An yi mini allura aka ce in shiga, na shiga, saboda ban iya cewa a'a ba. Yau na koya."

"Taro ya tashi," Koci ya ce, yana miƙo hannu zai janye makirfon.

Dontrell ya riƙe shi da hagu.

"Ban gama ba, Koci."

Daga baya wani cikin 'yan wasan ya buga kwalkwalinsa a bango, sau ɗaya. Wani ya biye masa. Matar da ke kula da hulɗa da 'yan jarida tana ta yi wa mai na'ura alama ya yanke sauti, shi kuwa ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmi. Mista Rabalais ya riga ya bar jikin bango, waya a kunne, ya nufi ƙofa.

Tambayoyi suka taso ta ko'ina. Wa ya yi allurar? Likita ya sani? Koci, gaskiya ne? Dontrell ya tsaya ƙyam, amma a karon farko tun da abin nan ya fara ya ji iska na shiga masa har ciki.

Sai wata mata ta miƙe a layi na biyu. Yvette Comeaux, ta gidan talabijin ɗin garin, wadda ta fara hira da shi tun yana sakandare. Ba ta yi ihu kamar sauran ba. Wayarta kawai take kallo, kuma yanayin fuskarta ya sa na kusa da ita suka yi shiru.

"Dontrell, yi haƙuri. Yanzu abokin aikina ya turo mini daga babban birnin jiha." Ta ɗago. "Wata mata ta shiga ofishin hukumar kula da caca ɗazu. Ta ce ita ta buɗe asusun da sunanka, ita ta zuba kuɗin, kai ba ka san komai ba. Ta ba da sunanta Odessa Guillory."

Fitilun suka yi masa wani irin fari a ido.

Mama. Matar da har yau sai ta kira shi ya gaya mata inda ake dannawa a tura hoto. Matar da ba ta yarda a shigo mata da karta gida ko ta wasan yara.

"An ce har yanzu tana ciki, ba su sake ta ba," in ji Yvette, a hankali. "Mahaifiyarka ce ta yi?"

Koci ya matso daf da kunnensa.

"Na gaya maka," ya raɗa. "Yanzu ka ce e, ko ka ce ba ka sani ba. Ka yi shiru ka fita."

Dontrell bai ko kalle shi ba. Idonsa ya tafi can ƙarshen zauren, bayan kyamarori, bayan 'yan wasan, inda ƙofar da Mista Rabalais ya bari a buɗe take.

Akwai mutum tsaye a wurin. Dogo, ya karkata nauyinsa a kan ƙafa ɗaya yadda ya saba, hula ta rufe masa rabin fuska.

Marquel.

Suka haɗa ido. Yayan nasa ya girgiza kai a hankali, leɓɓansa suna motsi ba sauti. Dontrell ya karanta su daga nan inda yake.

Don Allah, Trell.

Ya sunkuya kan makirfon.

"A'a. Ba ita ba ce."



Yvette ta sauke wayarta.

"To wane ne?"